Zuwa ga Lawali, daga Tusan

Tusan, Arizona
Lahadi, 27 ga Oktoba, 2024

Malam Lawali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Inna. Yaya Gusau, yaya ɗalibai, yaya kaka? Allah ya sa an samu kwashe amfanin gona lafiya, ya kuma kawo mana zaman lafiya a ƙauyukanmu.

Saƙonka na murya ya iso, har da gorin cewa tun da na shiga jami'a na daina ɗaga waya. Wallahi ba girman kai ba ne. Awa takwas ce tsakaninmu: lokacin da ka idar da Isha'i ka miƙe ƙafa kana neman abokin hira, ni rana ce tsaka a kaina, ina ɗakin gwaji ina fama da wayoyin lantarki. Kuma tambayar da ka yi, wai yaushe zan gama digirin nan na ilimin taurari, ba ta amsuwa cikin saƙon minti biyu. Shi ya sa yau na ture littattafai gefe na zauna in rubuto maka, irin ta da.

Amsar dai ita ce watan Mayu na 2027, in da rai da lafiya. Ba 2026 ba, kamar yadda na yi ta shelantawa. Kada ka faɗa wa Hajiya tukuna, ni zan faɗa mata da bakina.

Bari in warware maka yadda aka yi shekara guda ta ƙaru. Ka san kwalejin da na fara, irin ta shekara biyu ce da ke garuruwa da yawa a Amurka, kuɗinta bai kai na jami'a ba ko kusa. Mutum ya yi rabin farko na digiri a can cikin rahusa, sannan ya ɗauko sakamakonsa ya kawo jami'a ya ƙarasa. Ka ɗauke shi kamar mai NCE ko difloma da ya shiga jami'a ta DE, sai dai a nan ba a cewa ga ajin da za ka faɗa, kwas-kwas ake bi ana tantancewa. Digiri a Jami'ar Arizona yunit 120 ne. Daga kwaleji ba a karɓar fiye da 64, kuma duk kwas ɗin da ka ci ƙasa da C ba ya ƙetarowa. Ni an karɓar mini 64 cif. Sai na yi lissafin 'yan kasuwa: 120 a cire 64, saura 56, a raba gida huɗu, yunit 14 kowane zango, shekara biyu ke nan na sa hula na yi hoto. Da wannan lissafin na kira Kawu, da shi na kira Hajiya, da shi na cika maka baki.

Ashe lissafin dokin rano ne.

A makon farko na je wurin matar da ke ba ɗaliban sashenmu shawara kan zaɓen kwas. Ta buɗe takarduna ta duba, ta yi shiru, sannan ta jawo farar takarda ta soma zana akwatuna tana haɗa su da kibiyoyi. Kowane akwati kwas ne, kowace kibiya tana nufin sai ka ci wannan kafin a bar ka ka shiga wancan. Da ta gama sai ta miƙo mini biro ta ce in nemo layin da ya fi kowane tsawo in ƙirga akwatunansa. Na ƙirga, shida. Na sake ƙirgawa ko na yi kuskure, shida dai. Ta ce to ai ga shekarunka nan, tunda akwati ɗaya zango ɗaya ne, kuma ba a tsallake. Yawan yunit ɗin da na tara bai dame ta ba ko kaɗan. Abin da take kallo shi ne inda nake tsaye a kan wannan layin.

Laifin kuwa nawa ne, ba na kowa ba. Ashe fiziks na shekarar farko iri biyu ne a nan. Akwai wanda ake koyarwa da aljabara kawai, na masu shirin karatun likita da makamantansu, akwai kuma wanda ake koyarwa da kalkulas, na injiniyoyi da masu fiziks. Sunayensu kusan ɗaya, batutuwansu kusan ɗaya. Ni da na zo sabo, na ga ɗaya ya dace da lokacin aikina, kuma an ce ya fi sauƙi, sai na afka masa zango biyu cur, na ci A a duka biyun ina ta jin daɗi. Ban tambayi kowa ba, ni da na yi fiziks a sakandare ina ganin na san hanya. Sai dab da barin kwalejin na gane cewa sashen ilimin taurari ba ya lissafa shi cikin sharuɗɗansa. Yunit ɗin suna nan cikin 64 ɗin, amma a matsayin ƙari, kamar a ce ka yi dakon buhun ƙaiƙayi zuwa kasuwar hatsi. Na samu na yi kashi na farko na mai kalkulas ɗin kafin in fito, saura kuwa duk suna gabana. Da na sani ƙeya ce, Lawali.

Da farko haushi na ji, na ɗauka tsarin takarda ne kawai irin na ofis. Yanzu da na yi wata biyu a ciki, na yarda kibiyoyin nan ba ƙarya suke ba. Kai malamin fiziks ne, za ka fi kowa gane abin da nake nufi. Mai nazarin taurari ba ya taɓa abin da yake nazari. Ba zai ɗebo tauraro ya kawo ɗakin gwaji ya auna ba. Haske kawai ke iso masa, shi ma bayan doguwar tafiya: na rana minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi, na Kaza da 'Ya'yanta fiye da shekara 400. Daga wannan ɗan hasken ake so ka faɗi zafin tauraron, da nauyinsa, da abin da aka yi shi da shi, da ko yana matsowa ko yana nisa. Ana tarwatsa hasken ne ya zama kamar bakan gizo, sai a ga wasu siraran layuka a cikinsa, kowane sinadari da nasa layukan kamar zanen yatsa. A 1868, lokacin wani husufin rana a Indiya, aka ga wani layi rawaya da bai dace da sinadarin da aka sani ba. Shi ne hiliyam, kuma sai a 1895 aka ware shi a doron ƙasa. Ka ji fa, an gano abu a jikin rana shekara 27 kafin a riƙe shi a hannu. A 1925 kuma Cecilia Payne ta yi amfani da irin waɗannan layuka ta nuna cewa taurari galibinsu haidurojin ne da hiliyam. To, ba za ka fahimci dalilin da ya sa layin yake inda yake ba sai ka san kwantum, wato fiziks ɗin ƙwayar zarra da abin da ke cikinta. Kwantum ba ya shiga kai sai da lissafin difarenshal da aljabarar matiris. Su kuma suna tsaye ne a kan kalkulas. Ta ina za ka yanke?

Abin dariya, na ƙetaro teku don taurari, amma cikin kwas huɗu da nake yi wannan zangon ɗaya ne kawai ake ambaton tauraro a cikinsa. Sauran su ne kalkulas na uku, da lantarki da maganaɗisu, da wani kwas na rubutu da ya zama dole ga kowa. Zango mai zuwa, wanda za a buɗe rajistarsa kwanan nan, na shirya lissafin difarenshal, da fiziks na zafi da haske, da kwas ɗin sarrafa lissafi da kwamfuta. Sai shekara ta biyu zan shiga kwasa-kwasan aji uku na gaske, wato ilimin motsi mai zurfi, da lantarki karo na biyu, da kwantum, da na lura da sama da na'ura. Taurari da damin taurari (manyan tarin taurari masu ɗimbin yawa) da asalin sararin samaniya, waɗanda su ne suka kawo ni, suna can shekarar ƙarshe suna jirana. Wani abin da ya ƙara ɗaure ni shi ne, sashen ba shi da ɗalibai da yawa kamar na injiniya, don haka wasu manyan kwasa-kwasan sau ɗaya ake ba da su a shekara. In ka kuskure na kaka, ba ka sake ganinsa sai wata kakar. Ga kuma sharaɗin cewa cikin 120 ɗin nan, 42 dole su kasance na aji uku da huɗu, abin da ban samu a kwaleji ba sam.

Ba zan ɓoye maka ba, na kwana uku ina neman dabara. Na zana jadawalin da zai fitar da ni a shekara biyu da rabi: yunit 18 ko 19 kowane zango, karatun bazara, da roƙon malamai su bar ni in haɗa kwas da wanda ya kamata ya riga shi. A takarda ya yi kyau ƙwarai. Amma ina aiki a laburare awa 20 a mako, iyakar abin da bizar ɗalibi ta yarda ke nan, kuma kwas ɗaya na fiziks aikin gidansa kan cinye mini awa goma a mako ba tare da na yi wasa ba. Wani ɗan Mekziko da muke zama tare a aji, shi ma daga kwaleji ya zo shekara guda kafin ni, ya gwada irin wannan haɗin. Ya ce bai faɗi ko ɗaya ba, amma in ka tambaye shi abin da ya koya a ilimin motsi, ba zai iya faɗa maka ba, ga shi yanzu kwantum na neman abin a wurinsa. Sauri ya haifi nawa.

Amma abin da ya yanke mini hukunci wani ne daban. A wannan fannin digirin farko ba ya mai da mutum masanin taurari, sai ya yi digiri na uku. A Amurka ana shiga kai tsaye daga digirin farko, kuma galibi ba ka biya, su ne ma suke ba ka ɗan albashi kana koyarwa ko bincike. Sai dai ana rufe karɓar takardun nema ne wajen Disamba na shekararka ta ƙarshe, kuma ana son wasiƙu uku daga malaman da suka san aikinka. Yi lissafi. In da a 2026 zan gama, to a Disamban 2025 zan nema, wata goma sha shida kacal da shigowata, ban ma gama kwantum ba. Wa zai rubuta mini wasiƙa? Me zai ce, ya ga fuskata a layi na uku? Waɗanda suka fara a nan tun aji ɗaya sun riga ni da shekara biyu wajen sanin malamai, wasunsu tun suna aji biyu suke cikin ƙungiyoyin bincike. Wannan shi ne ainihin gibin ɗan kwaleji, ba yunit ba. Akwai wani shiri da gwamnatinsu ke ɗaukar nauyi, ɗalibi ya je wata jami'a ya yi bincike na mako goma a lokacin bazara ana biyansa, amma yawancin gurabensa na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama ta dindindin. Irina sai dai ya bi ofis-ofis yana ƙwanƙwasa ƙofa.

Na kuwa ƙwanƙwasa. Farfesa biyu ba su amsa imel ba, ban kuma ga laifinsu ba. Ta uku ta ce in zo. Tambayar farko da ta yi mini ba ta taurari ba ce, cewa ta yi na iya Python, wato yaren rubuta wa kwamfuta umarni? Na ce kaɗan-kaɗan. Ta ba ni wani fayil mai ɗauke da ma'aunin hasken tauraro guda na tsawon watanni, ta ce in je in zana yadda haskensa ke hawa da sauka, in dawo in gaya mata kwana nawa yake ɗauka kafin ya maimaita. Mako biyu na yi a kan abin da ɗalibanta ke yi kafin shayinsu ya huce. Amma na kai mata amsa, kuma daidai ce. Ta ce in riƙa zuwa taronsu na ranar Juma'a da safe in zauna in saurara. Ba na gane rabin abin da ake faɗa, ina dai rubutawa.

Maganar Kawu ita ce mai nauyi. Kuɗin makaranta ga baƙo irina ya kai wajen dala 40,000 a shekara, tallafin da na samu rabi kawai yake ɗauka, sauran daga sitiyarin babbar motarsa yake fitowa. Na hau bas na same shi a birnin Finiks, na shimfiɗa masa takardar kibiyoyin nan a kan tabarma bayan mun ci tuwo. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, “Yanzu wannan karatun naka, in an gama, wa ke ɗaukar mutum aiki?” Na gaya masa gaskiya, cewa kujerun farfesa kaɗan ne, amma mai digirin fiziks da ya iya lissafi da sarrafa bayanai a kwamfuta ba ya rasa abin yi. Da ma da ƙarin shekarar nan, kwas kaɗan ne zai rage mini in haɗa digirin fiziks a kan na taurari, kuma da yawa a sashenmu haka suke yi. Wannan ne ya ɗan kwantar masa da hankali. Ya ce shi bai san kwantum ba, amma ya san ba a ɗora wa mota kayan da ya fi ƙarfinta don a rage sawu. Ya amince, da sharaɗin kada in sake zuwa masa da wata takardar mai akwati bakwai. Allah ya saka masa da alheri, ya ba ni ikon rama masa.

Kada ka ɗauka duk kuka ne. Garin nan, in dai taurari kake so, ka zo gidansu. Sashenmu yana haɗe da cibiyar nazarin taurari ta Steward, wadda aka kafa tun 1916. A ƙarƙashin filin ƙwallon jami'a, ƙarƙashin kujerun 'yan kallo fa, akwai masana'antar da ake zuba manyan madubai masu faɗin mita 8.4. Ana loda gilashi kusan tan 20 a tanderu, a narkar da shi, tanderun na juyawa a hankali har narkakken gilashin ya hau gefe ya yi siffar akushi, sannan a bar shi ya huce na tsawon watanni. Guda bakwai irinsu za a haɗa a wata ƙatuwar na'urar hangen nesa da ake ginawa a ƙasar Cile. Da aka zagaya da mu, maƙeran bakin kasuwa na tuna, da yadda muke tsayawa kallon zuga-zugi har a aiko nemanmu. Babbar kyamarar da ke kan na'urar hangen nesa ta James Webb, wadda aka harba ranar 25 ga Disamba, 2021, Farfesa Marcia Rieke ta wannan sashen ce ta jagoranci ƙera ta. Na taɓa ganinta a baranda, na kasa ko gaishe ta. Kuma tun 1972 garin yake da dokar taƙaita hasken fitilun waje saboda na'urorin da ke kan duwatsun kewaye. Dare a nan yana da duhu da gangan. Mu da muka tashi muna tsine wa ɗauke wuta, ga masu wuta suna rage ta da kansu don su ga sama.

Makonni biyu da suka wuce muka fita bayan gari, ta hanyar dutsen Kitt, muka kalli tauraruwa mai wutsiyar nan da ta bayyana a yamma bayan Magariba, ga Zara tana haske a gefe. Kun gan ta kuwa? Na aika wa Hajiya hoton, sai ta kira ni tana salati, wai ganinta ba alheri ba ne, in daina bin irin waɗannan abubuwa. Har yanzu fa ba ta gama yarda cewa ba duba nake koyo ba. Wata maƙwabciyarmu ma ta aiko a tambaye ni ko tauraron 'yarta ya dace da na manemin. Na ce a gaya mata ni zafin tauraro kawai ake koya mini aunawa, shi ma sai baɗi.

A daren nan na tuna Larabar nan, 29 ga Maris, 2006, muna aji uku, da rana ta mutu da hantsi a Gusau. Ka tuna kaji sun nufi akurki, tsofaffi na ta salati, mu kuma an tara mu a bakin kwano da ruwa? Kai ka ruga ƙarƙashin tebur, kada ka musa. Minti uku da wani abu ne kawai, amma ga shi har yau ban gama biyan bashinsa ba.

Game da ƙanenka Nura da ka ce yana son ya biyo sahuna, ga abin da zan ce. Ya riƙe lissafi da hannu biyu, har da Further Maths in makarantarsu na yi, ya kuma fara koyon Python ko a wayarka ce. Ba dole sai ya zo nan ba. Digirin fiziks mai kyau daga Zariya ko Kano ko nan Gusau zai kai shi ƙofar digiri na biyu a ilimin taurari, kuma Jami'ar Nsukka tana da sashen fiziks da ilimin taurari, ga cibiyar nazarin sararin samaniya ta gwamnatin tarayya a garin. In kuma Allah ya yi masa hanyar kwalejin shekara biyu irin tawa, to tun ranar farko ya buɗe shafin sashen jami'ar da yake son komawa, ya kwafe sharuɗɗansu, ya fara daga kwas na ƙarshe yana dawowa baya har zuwa inda yake tsaye. Kuma duk kwas ɗin fiziks da zai yi rajista, ya tambaya da bakinsa: mai kalkulas ne ko maras kalkulas? Ka ba shi lambata, mu yi magana ranar wata Asabar.

Ranar 2 ga Agusta, 2027 za a yi husufin rana cikakke da zai ratsa Masar ya bi ta kan Jidda da Makka, a kusa da Luksor duhun zai haura minti shida. Wata uku ke nan bayan na gama, in Allah ya kai mu. Ka fara tara kuɗin Umara, ni ma zan fara, mu ga ko wannan karon za ka tsaya a waje.

Kafin nan ina da aiki gare ka. Tun hazo bai sauko ba, ka fitar da ɗalibanka fili bayan Isha'i, ku fuskanci arewa, ku nemo tauraron nan da ba ya motsi. Kowa ya miƙa hannu ya dunƙule, ya auna daga inda sama ta haɗu da ƙasa. Dunƙule ɗaya kusan digiri 10 ne. Ku a Gusau za ku samu ɗaya da ɗan ɗori, don kuna kan digiri 12. Ni a nan uku nake samu da 'yan kai, don Tusan tana kan 32. Ka bar su su yi gardamar dalili kafin ka faɗa musu, sannan ka rubuto mini abin da suka ce.

Ka gaishe da Inna da kyau, ka ce ina neman addu'a, jarrabawar lantarki ta biyu ranar Alhamis ce. Ka gaishe da maiɗakinka da ɗan baba, da duk 'yan majalisar bakin shagon tela. In ka samu mai zuwa, yaji da daddawa sun ƙare.

Naka har kullum,
Bashir